Daga Tiya zuwa Allon Kwamfuta: Tarihin Awo da Kason Lissafi a Ƙasar Gangara

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Karin maganar nan ta haɗa ilimi iri biyu a baki ɗaya: ilimin ma'auni, wanda kowa ke iya dubawa ya shaida, da ilimin ƙwarewa, wanda ke zaune a idon mai aiki da hannunsa. A Gangara, wadda ke cikin gundumar Gazawa tun da aka cire ta daga ta Agye a shekarar 2011, da ma sauran garuruwan jihar Maraɗi har zuwa Gidan Rumji, waɗannan biyun ne suka daɗe suna raba hatsi tsakanin rumbu da tukunya. A ƴan shekarun nan na uku ya shigo, wato allon lissafi na kwamfuta, wanda ma'aikatan agaji da masu kula da ciyar da ɗalibai da bankunan cimaka ke fitar da rabon abinci da shi. Mai kallo daga nesa zai zaci lissafin rabi da sulusi baƙo ne da ya zo tare da lakwal da na'ura. Tarihi ya nuna cewa ɗan gida ne, kuma wanda ya san asalinsa shi ya fi iya tsare kansa daga kurakuran na'urar.

Awon gida

A tsarin gandu na da, mai gida ke riƙe da rumbu. Shi ke fitar da damma ko tsaba ga matar da ke da girki, ita kuma ta sussuka, ta sheƙe, ta surfa, ta daka. Kowane mataki yana rage wani abu, domin ƙaiƙayi da dusa suna fita, saboda haka abin da ya shiga turmi ya fi abin da zai shiga tukunya. Mace ta san wannan ragin tun tana budurwa. Ta san abin da zai ishi gida mai baki takwas, ta san abin da za ta ƙara idan baƙi uku suka sauka da almuru, ta kuma san na ranar gayya, lokacin da majiya ƙarfi ashirin za su dawo daga gona da yunwa. Masanin nan na Faransa, Claude Raynaut, wanda ya yi nazari a Sumarana kusa da Maraɗi, ya wallafa bincike a 1977 kan yadda ake dafa abinci da yadda yake yawo tsakanin gidaje, ya nuna irin matsayin da sayar da dafaffen abinci ke da shi a tattalin arzikin mata. Mai fura da mai ƙosai da mai waina duk sai sun san abin da tiya ɗaya za ta haifar kafin su san ko sun ci riba.

Kayan awon su ne ƙwarya da ƙoƙo da ludayi da tafin hannu. Daga baya kwanon ƙarfe ya shigo, sai gwangwanin tumatir da kwalbar mai. A kasuwannin Nijar tiya ce ta zama uwar ma'aunai, kamar yadda mudu yake a Katsina da Kano. Galibi ana ƙiyasta tiyar hatsi a kan kilo biyu da rabi, tiya 40 kuma su cika buhu mai kilo 100. Sai dai tiya tana auna cikar wuri ne, kilo kuwa nauyi yake aunawa. Tiyar hatsi da ta wake da ta gyaɗa ba su zo ɗaya a kan sikeli. Hatsin kaka mai sauran danshi ya bambanta da na bazara. Wata tiyar an buga mata gindi ya shige ciki, wata an buɗa mata baki. Ga kuma tsororuwa, wadda hannun ma'auni ke iya tsawaitawa ko gajartawa, ga gyara da ake ƙara wa mai saye bayan an gama awo. Duk wanda ya taɓa aiken kasuwa ya san tiyar saye daga manomi da tiyar sayar wa mabuƙaci ba kullum suke uwa ɗaya uba ɗaya ba.

Wuri, dala da jika

Ƙidayar kuɗi ma ta horar da mutanen wannan ƙasa a kan ninki. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya sauka a Tasawa, ya bi ta Gazawa, sannan ya nufi Katsina da Kano. Ya bayyana yadda ake ƙirga wuri a ƙasa biyar biyar, a tara shi tsibi tsibi, a ɗure dubu 20 a jaka guda. A Kano ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2500. Harshen kansa ya adana sawun wannan zamani: hauya ashirin ce, zangu ɗari, zambar dubu.

Da Turawan Faransa suka kawo kuɗinsu, sai sunan dala ya koma kan ƙwandalar faran biyar, ya kuma zauna a kanta bayan da aka ƙirƙiro kuɗin sefa a 1945. Har gobe idan mai tallan goro ta ce dala ashirin, abin da ke rubuce a jikin kuɗin 100 ne. Idan ta ce dala ɗari, 500 ne. Jika ɗaya kuwa dala metan ce, wato 1000. Ma'ana, duk Bahaushen Nijar da ke duba lambar kuɗi ya faɗi sunansa yana raba wa biyar ne a cikin kansa, ko ya taɓa zama a aji ko bai taɓa ba. Yaron da malami ke ganin ya kasa jadawalin ninkin biyar a kan allo, shi ne da yamma zai ba da canji a tashar mota ba tare da kuskuren dala ɗaya ba.

Lissafin zaure

Sunayen kashe-kashe kuwa yawancinsu daga makarantun zaure suka fito. Rabi Hausa ce tsantsa, daga raba. Amma sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushiri duk aron Larabci ne, kuma fiƙihu ne ya shigo da su, musamman babin zakka da na gado. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya san cewa sa'i mudun Annabi huɗu ne, wasaƙi sa'i 60 ne, nisabin hatsi kuma wasaƙi biyar, wato sa'i 300 ko mudu 1200. Ya san amfanin da ruwan sama ya shayar ana fitar masa da ushiri, wanda aka shayar da wahalar ɗiban ruwa kuma rabin ushiri. Manomi ya sauƙaƙa wa kansa wannan hukunci a bakin gona: cikin kowane dami goma, ɗaya na zakka ne. Zakkar fid da kai kuwa ninki ne kai tsaye, sa'i ɗaya sau yawan mutanen gida, kuma kowane magidanci na yin sa a ƙarshen azumi.

A rabon gado ne lissafin ya kai maƙura. Kason da aka ƙayyade shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Wani lokaci idan aka tara su sai su zarce dukiyar. A ce mace ta rasu ta bar miji da ƴan'uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ɗa ba iyaye. Miji na da rabi, ƴan'uwan na da sulusi biyu. In aka kasa dukiyar shida, miji zai ɗauki uku, su kuma huɗu, jimla bakwai ke nan, alhali shida ke ƙasa. Maganin da aka samo tun zamanin Halifa Umar, wanda malamai ke kira auli, shi ne a kasa dukiyar bakwai maimakon shida, ta yadda ragin zai faɗa wa kowa gwargwadon rabonsa. Idan dami 42 aka bari, miji ya sami 18, ƴan'uwan su sami 24, kowace 12. Wannan ita ce ainihin dabarar da ake bi a yau idan kayan abinci suka gaza abin da aka tsara: a rage wa kowane kaso daidai da girmansa, kada a tauye mutum ɗaya don a cika wa wani.

Ilimin nan yana da tsawon zuriya. Marubucin Masar ta dā mai suna Ahmes ya kwafe wani kundin lissafi wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma cikin matsalolinsa akwai yadda za a raba gurasa tsakanin mutum goma. Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, ya ba wasiyya da gado babban kaso na littafin. Ƙasar Katsina ma, wadda sarakunan Maraɗi suka fito daga cikinta, ta haifi nata gwanin: Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, wanda ya rubuta littafi kan hatimin lambobi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Hatiminsa gidaje ne a jere, tsaye da kwance, kowane gida da lambarsa, kowane layi da jimlarsa. Duk wanda ya taɓa ganin hatimi a allon malam, siffar allon kwamfuta ba za ta zame masa baƙuwa ba.

Zuwan kilo

Faransa ta kafa tsarin mita da kilo da doka a 1795, ta wajabta shi a ƙasarta daga 1840, sannan ta kai shi ƙasashen da ta mallaka. A ƙasar Maraɗi gyaɗa ce ta yi masa jagora. Daga shekarun 1930 kamfanonin Turawa da dillalansu suka riƙa kafa sikeli a kasuwannin kaka, manomi kuma yana buƙatar kuɗin haraji. A nan ne ya fara gamuwa da ma'aunin da ba ya iya karantawa. Tiya ko da ta yi ƙarya, a gaban idonsa take yi, yana iya cewa a sake. Sikeli kuwa akawu ne kaɗai ke faɗin abin da ya nuna. Bayan samun ƴancin kai, kamfanin gwamnati na SONARA, wanda aka kafa a 1962, ya karɓi cinikin gyaɗar, har farin 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya a 1975 suka karya noman. Kilo ya zauna a ofis da asibiti da kantin magani, tiya ta ci gaba da mulkin kasuwar hatsi.

Hukuma ta gane dole a yi gada tsakanin biyun. An kafa ofishin cimaka na ƙasa, OPVN, a 1970, daga baya kuma aka samar da tsarin bin farashin kasuwannin amfanin gona, wanda aka fi sani da SIMA. Ma'aikatansa kan tambayi kuɗin tiya a kasuwa, su auna nauyinta, sannan su fitar da kuɗin kilo. Wannan ɗan aiki na ɗora tiya a kan sikeli shi ne ginshiƙin duk alƙaluman farashin hatsi da ake karantawa a Yamai da ƙasashen waje.

A wata nahiyar ma an yi irin wannan fama a ɗakin girki. A Amurka, wata malamar koyar da girki a Boston mai suna Fannie Farmer ta fitar da littafi a 1896 wanda ya yaɗa al'adar awo da kofi da cokali shafaffu, ba tsororuwa. Daga nan ne littattafan girkinsu suka cika da rabin kofi da sulusin kofi da rubu'in cokali. Turawan Faransa kuwa sun fi son giram. Saboda haka takardun abinci da ke isowa Nijar suna zuwa da harsunan awo biyu, su tarar da na uku a gida.

Shekarar 2005 da allon lissafi

Allon lissafi na farko da ya yaɗu a ƙananan kwamfutoci shi ne VisiCalc, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979. Lotus 1-2-3 ya biyo baya a 1983, Excel kuma a 1985. Fa'idarsa guda ce babba: idan aka sauya lamba a gida ɗaya, duk gidajen da suka dogara da ita sai su sauya da kansu.

A jihar Maraɗi an ga amfaninsa ƙarara a 2005. Ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004 sun rage amfanin gona, farashi ya yi tashin gwauron zabo, har buhun hatsi ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni lokacin damina. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tsananin tamowa a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Abincin jinyar da ya yi suna a lokacin, Plumpy'nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996 daga gyaɗa da madara da sukari da mai, yana zuwa ne a ƙunshi mai giram 92 da kalori 500, ana ba da shi gwargwadon nauyin yaro. Rabon gama-gari kuma ana gina shi ne a kan ƙiyasin kalori 2100 ga mutum ɗaya a yini. Daga giram na mutum ɗaya zuwa tan na gunduma guda, ninki ne a kan ninki, kuma allon kwamfuta ne ke yin sa. Amma a ƙarshen layi, inda mace ke shimfiɗa zanenta a zuba mata, sau da yawa kwano ne ke awo.

Dabarar faɗaɗa girki ba ta da wuya. Ana raba yawan mutanen da za a ciyar da yawan waɗanda aka san awonsu, abin da ya fito shi ne maninki. A ce tiya ɗaya da rabi na isar mutum 8, ana kuma son tuwon mutum 60. Sittin a raba wa takwas ya ba da bakwai da rabi. Tiya ɗaya da rabi sau bakwai da rabi ta ba da tiya 11 da rubu'i. A allon kwamfuta, maninki na zama a gida ɗaya, kowane kayan haɗi a layinsa, sauran aikin na na'ura ne.

Sai dai na'urar tana da tarkuna. Wanda ya rubuta 1/2 a gidan Excel da ba a shirya ba, yana nufin rabi, zai ga ta mai da shi kwanan wata: 1 ga Fabrairu a tsarin Faransa, 2 ga Janairu a tsarin Amurka. A ƙarƙashin wannan kwanan wata kuwa lamba ce ɓoye da ta haura dubu 45, wadda in aka ninka ta sai awon gishiri ya fi ƙarfin babbar mota. Maganinsa a rubuta sifiri, a bar fili, sannan 1/2, ko a fara da alamar daidai. Tarko na biyu, idan aka umarci gida ya nuna kaso mai lamba ɗaya a ƙasa, zai nuna 5/16 a matsayin 1/3, alhali lissafin da yake yi a ciki da na asalin ne. Na uku ya shafi mazauna bakin iyaka irin mutanen Gangara: kilo biyu da rabi a Nijar 2,5 ake rubuta shi, a Najeriya 2.5, kuma allon da aka saita da tsari ɗaya yana iya ɗaukar ɗayan a matsayin rubutu kawai, ya tsallake shi wajen tarawa.

Tarkon da ya fi waɗannan haɗari ba ya cikin na'urar. A ce makaranta na da ɗalibai 240, an tsara wa kowane giram 150 na hatsi a yini. Jimla kilo 36 ke nan. Allo zai ce tiya 14 da humusi biyu, bisa zaton tiya kilo biyu da rabi ce. Idan tiyar da ke ɗakin ajiya kilo biyu da rubu'i take ɗauka, abin da zai shiga tukunya kilo 32 ne da giram 400. An rasa kilo 3 da giram 600, wato rabon yara 24 cif, kowace rana, alhali takarda na nuna komai daidai. A kwana 20 na karatu kilo 72 ne. Babu wanda zai ga wannan a ofis. Mai dafawa ce za ta fara gani, domin ita ta san inda tuwo ya saba kaiwa a jikin tukunya.

Akwai kuma abin da ba ya bin ninki sam. Tukunyar mutum 60 ba ta cin itace ninki bakwai da rabi na tukunyar mutum 8, ruwanta ma ba haka yake ƙafewa ba. Kanwa da yaji da daddawa, duk matar da ta taɓa girkin biki ta san ana sa su ne kaɗan kaɗan ana ɗanɗanawa, don wadda ta bi lissafi ido rufe za ta ɓata miyar mutane. A nan kashi na biyu na karin maganar ke aiki: ido ya san kima.

Abin da ya rage ga malamai

Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk da haka yara da yawa suna gamuwa da darasin kaso ne ta misalin wainar Turawa da aka yanka gida takwas, abin da ba su taɓa gani a gidansu ba, alhali sun san rabin tiya tun kafin su yi wayo. Malamin da ya shigo aji da tiya da gwangwani da sikeli, ya sa yara su auna su gano gwangwani nawa ke cika tiya, tiya kuma giram nawa ce ta hatsi, nawa ce ta wake, ya koyar da kaso da ninki da bambancin cika da nauyi a darasi guda. In ya ɗora musu da lissafin dala da mas'alar auli, sun sami tarihi a kan lissafi.

Ƙungiyoyin al'adu ma na da nasu aikin. Tsofaffin ma'aunai na ƙwarya da na itace suna ɓacewa, sunayensu na bin su. Ya kamata a tattara su gari gari, daga Gangara zuwa Agye da Gidan Rumji, a rubuta sunan kowanne da abin da ake aunawa da shi, a ɗora shi a sikeli a adana nauyinsa, a kuma zauna da mata masu girkin taro a rubuta awonsu da bakinsu. Kwamitin iyaye na kowace makaranta mai ciyarwa da na kowane bankin cimaka ya cancanci ya ga an auna tiyar ɗakin ajiyarsu a bainar jama'a a farkon shekara, a rubuta nauyin a bango, sannan a shigar da wannan lambar a gidan allon da sauran gidaje ke dogara da shi.